Jijiyar gwiwata ta tsinke, in sayar da mashin in yi tiyata?

TAMBAYA: Salamu alaikum dokta. Daga Garwa nake, shekarata 22, ina buga ƙwallo a ƙungiyar unguwa. Gwiwata ta murɗe a fili har naji ƙara, mai ɗori yayi nashi ba canji, da akayi hoton cikin gwiwa na IRM aka ce jijiyar tsakiya ce ta tsinke, wadda suke ce ma kuruwaze. Naga wani bincike a Facebook wai kusan duk wanda aka yiwa tiyata yana komawa fili. In sayar da mashin dina in tafi Yawunde?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya baka lafiya. Mashin dai ka barshi tukuna.

Wannan binciken daka gani, mutum nawa aka duba a ciki, shekara nawa aka bi su, kuma da wa aka kwatanta su? In likita ne ya yanka mutane da hannunsa sannan shi da kansa ya zauna yace sun warke, ai kaga akwai gyara, ballantana waɗanda basu ji daɗin aikin ba da yawa basa dawowa a ƙirga dasu. A 2014 an haɗa bincike masu yawa wuri ɗaya, aka samu kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka yiwa tiyata sun koma wani wasa, amma masu komawa gasa sosai kashi 55 ne kawai.

Wanda nafi yarda dashi na ƙasar Suwidin ne, 2010, mutum 121 aka raba su biyu ta ƙuri'a, wasu tiyata nan take, wasu kine (wato atisayen gwiwa a hannun ƙwararre) da farko sai in gwiwar taƙi zama a yanka. Bayan shekara 2 sakamakon kusan ɗaya ne, kuma bayan shekara 5 kusan rabin 'yan kine basu buƙaci wuƙa ba. Ƙuri'ar nan ita ce ƙarfinsa, don ba likita ya zaɓi masu sauƙin warkewa ba.

To amma kai matashi ne mai son komawa ƙwallo, in gwiwar tana zamewa ko guringuntsin ciki, menis, shima ya yage, tiyata tana da ma'ana. Abinda ke damuna shine bayanta. Samari irinka sunfi kowa sake tsinkewa saboda gaggawa, wata 4 mutum yaji ba ciwo sai ya ɗaura takalmi, alhali an ga cewa jira zuwa wata 9 yana rage haɗarin sosai, haka ma ƙarfin naman cinya sai ya kusa kamo na ɗaya ƙafar. Taba kuma tana ɓata warkewa, in kana sha ka daina.

Saboda haka ka fara kine yanzu a nan Garwa, kumburi ya sauka, ƙafa ta miƙe sarai. Ka tambayi likitan tiyatar me IRM ya nuna akan menis, sau nawa yake irin aikin nan a shekara, daga ina zai ciro jijiyar da zai dasa, sannan ka lissafa kuɗin kine na watanni a sefa ka ɗora kan na tiyata kafin kayi maganar mashin.