Tambaya da Amsa: Kamfanonin iri ne sababbin 'yan mulkin mallaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar adabi ce. Littattafan da muke karantawa suna nuna yadda Turawan mulkin mallaka suka tatsi manomi. Mahaifina yana noman masara a Giwa, kuma kowace damina sai ya sayi iri daga kamfani. Shin ba abu ɗaya ba ne aka canza wa riga? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai kama, kuma wurin da za ki duba shi ne hannun da ke riƙe da iri da sikeli.

A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, don masaƙun Manchesta su samu auduga. A ƙasar Zazzau ta riƙa raba irin auduga mai suna Allen kyauta, amma manomi ba zai sayar ba sai a kasuwar da hukuma ta ware, a farashin da aka yanka. Haraji kuwa da kuɗi ake biya, saboda haka dole ya shuka abin da Bature ke saya. Daga 1949 hukumomin sayen gyaɗa da auduga suka karɓi ragama, suna biyan ƙasa da farashin duniya, har aka rushe su a 1986.

Yau babu dogari a ƙofar gida. Bashi ne ya maye gurbinsa, tare da yanayin irin kansa. Kamfanoni huɗu, Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, suna riƙe da fiye da rabin kasuwar iri ta duniya. Masarar aure da kamfanoni ke sayarwa, wadda aka haɗa daga iyaye biyu, tana bada yabanya mai kyau a shekarar farko. Idan mahaifinki ya ajiye 'ya'yanta ya sake shukawa, halayen iyayen sai su rarrabu: wata doguwa, wata gajera, wata zangarniyar rabinta babu ƙwaya. Shi ya sa yake komawa shago. Kuma irin ba ya nuna ƙarfinsa sai da taki, kusan buhu 8 na NPK 15:15:15 da buhu 3 na yuriya a kadada ɗaya, wato hekta. Wanda ya karɓi wannan bashi da sharaɗin biya da buhunan masara a kaka, lokacin da farashi ya faɗi a Giwa da Saminaka, shi ne ya fi kama da manomin audugan da kika karanta.

Amma yana da zaɓin da kakanninsa ba su samu ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana da irin da ba na aure ba, kamar SAMMAZ 15, wanda ake iya maimaitawa damina biyu zuwa uku. Ya ware wani ɓangare na gonarsa ya shuka shi, kilo 20 zuwa 25 a kadada. Idan masarar ta nuna, ya zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona, saboda na gefe sun sha ƙurar furen masarar maƙwabta. Ya ɗebo daga tsirrai da yawa, kamar 200, don kada irin ya raunana. Ya shanya har ƙwayar ta yi ƙaras a haƙori, sannan ya zuba a buhun PICS, mai ledoji a ciki da ke hana iska shiga, ya ɗaure kowace leda daban. Mai danshi fumfuna za ta ci shi, ya ƙi tsirowa.

In kuma zai shiga yarjejeniya da kamfani, ki karanta masa takardar da kanki kafin ya dangwala. A rubuta farashi, da nauyin buhu a kilo, da wanda zai auna, da abin da zai faru idan fari ko tsutsa ta cinye gonar.