Farin inabi na Italiya mai "secco": a karanta kwalba kafin a zuba jari

Tambaya: Ina sayar da lemuka da kayan sha na biki a Kasuwar Singa, Kano. Wani dila a Legas ya yi mini tayin katon 200 na farin ruwan inabi daga Italiya. Ya ce "secco" ne, wai ma'anarsa ba giya a ciki. In saya?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna, kada ka tura ko sisi. Ko dai dilan bai san kayansa ba, ko kuma yana so ya yi maka rufa-ido. "Secco" na nufin babu zaƙi: sukarin inabin ya ƙare wajen tsimawa, abin da ya rage yawanci bai wuce giram 4 a lita ba. To ina sukarin ya tafi? Shi ne ya zama barasa. Sanannun irinsa, kamar Soave na kusa da Verona, Verdicchio na yankin Marke, da Vermentino na Sardiniya, giya ce cikakkiya, barasarta kusan kashi 12 zuwa 13 cikin 100. Idan ka shigo da ita Kano, kai da Hisbah ne, kuma jarinka ya bi ruwa.

Ka ce ya turo hoton kwalbar gaba da baya. Idan ka ga DOC ko DOCG, wato tambarin da Italiya ke sa wa giyar inabi don tabbatar da yankin da ta fito, magana ta ƙare, akwai barasa a ciki, domin dokar Tarayyar Turai ta 2021 ba ta yarda a cire barasar irin waɗannan gaba ɗaya su kuma riƙe sunansu ba. Wanda aka cire wa barasa, za ka ga an rubuta "dealcolato" ko "dealcolizzato", kuma dokar ta bar shi ya riƙe barasa har kashi 0.5 cikin 100. Tun asali giya ce aka tace, don haka hukuncinsa na malamai ne, ka tambaye su kafin ka tambayi riba. Wanda ba a taɓa tsima shi ba, tsurar ruwan inabi, shi ake rubuta wa "succo d'uva". Ka kuma nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mu ɗauka duk wannan ya yi daidai. Saura bakin masu saye, kuma a nan na fi jin tsoro. Farin inabi mai "secco", ko da an cire masa barasa, tsami gare shi, kamar lemon tsami da ɗanyen tuffa, wani ma da ɗan ɗaci a ƙarshe. Mutanen Italiya suna son sa ne da gasasshen kifi, jatan lande, ko taliya da man zaitun, abincin da ba yaji sosai, inda tsamin ke yanke maiƙo. Yanzu ka tuna teburin bikinmu: cincin, dublan, alkaki, kek. Duk wanda ya ci alkaki ya kurɓi wannan, zai yamutsa fuska ya ce ya lalace. Da tsire mai yaji ma, abu mai ɗan zaƙi ne ke kwantar da harshe. Uwar biki kuwa ba za ta sake dawowa shagonka ba.

Katon 200, in kwalba shida-shida ne, kwalba 1,200 ke nan. Kuɗin da za su kwanta a kai, da lemon da aka saba ka juya, da ya zaga sau nawa kafin su ƙare? Ga zafin Kano na watan Afrilu, wanda ke ɓata irin wannan kaya a sito, ga fashewar kwalba a hanya.

In har ka samu tsurar ruwan inabin, ɗauki katon biyar kawai, wasu masu zaƙi sosai, wasu masu ɗan tsami. Ka ba masu girkin biki biyu ko uku su ɗanɗana a sanyaye, mai tsamin kuma ka kai wa gidajen abincin da ke gasa kifi. Wanda aka dawo nema da kuɗi a hannu, shi za ka ƙaro, kuma ka nemi dilan ya yarda a rubuce zai karɓi abin da bai shiga ba.