Ko ƙashin saniya da aka wanke zai cike giɓin karaya?

Tambaya: Likita, ƙanena mota ta buge shi a kan babur, ƙashin ƙwaurinsa ya farfashe har wani yanki ya fita, ga rauni yana ruwa. An ce akwai ƙashin saniya ko na mutum da ake wankewa a dasa. Gaskiya ne? Jikinsa zai karɓa? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne, amma abin da ake dasawa ba ƙashi mai rai ba ne.

Abin da jiki yake yi wa bore shi ne ƙwayoyin halittar wani. Don haka ake ɗaukar ƙashin a daskarar da shi, a narkar, a wanke da sinadarai masu kama da sabulu, a sa wasu sinadaran su cinye ragowar DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin, sannan a kashe cututtuka. Ɓargo da kitse su tafi. Abin da ya rage fari ne fat, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da aka tatse: kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe ƙashi, da kalsiyam mai ba shi tauri kawai. Idan aka cusa shi a giɓin, jijiyoyin jinin majiyyaci ne ke kutsawa cikin ramukan, ƙwayoyinsa su biyo, su riƙa cinye baƙon ƙashin suna gina nasu a hankali, wata da watanni. Tun 1965 wani likita a Amurka, Marshall Urist, ya nuna cewa ƙashin da aka cire wa kalsiyam ɗin ma yana iya sa jiki ya tsiro sabon ƙashi.

A ƙaramin rami, irin na muƙamuƙi bayan cire haƙori, yana aiki sosai. Babban giɓi a ƙwauri kuwa wani zance ne, domin jini ba ya saurin kaiwa tsakiya, tsakiyar sai ta zauna a mace. Ruwan da ka ambata ya fi damuna. Dasa komai a kan mugunya asarar kuɗi ce. Sai an share mataccen ƙashi an kashe cutar tukuna.

Bayan nan, har gobe babu kamar a ɗebo daga ƙashin ƙugunsa, tunda nasa ne kuma da ransa, wani lokaci a gauraya da wankakken don ya ishe. In giɓin ya yi tsawo, akwai dabarar Ilizarov: a ɗaura ƙarfe ta waje, a yanka ƙashin, a riƙa jansa kusan milimita 1 a rana, sabon ƙashi yana tsirowa a wurin da ake buɗawa.

Ku kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko na koyarwa da ke Idi-Araba, duk a Legas, da duk hotunan da aka ɗauka. Buɗaɗɗen rauni ba aikin mai ɗori ba ne. In an kawo maganar dashe, ku tambayi asalin ƙashin, don akwai wanda ake samu daga alade. In yana shan taba ya bari yanzu, tana hana ƙashi kamawa, a kuma auna masa sukari.