Mitar Dashbod Tana Ɗaukewa Ana Cikin Tafiya: Sai An Canza Ta?

Tambaya: Malam, ina cikin tuƙi sai allurorin dashbod su faɗi ƙasa gaba ɗaya, fitilu su mutu, amma injin bai daina aiki ba. In na bugi saman dashbod da hannu sai su dawo. An ce mini sai na sayi wata mitar. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, dakata da saye tukuna. Tunda bugu yana dawo da ita, mitar ba ta mutu ba, wuta ce take yankewa a wani wuri. Yana damuna yadda ake jefar da mitoci masu rai saboda waya ɗaya da ta saki.

A fara da mai sauƙi. A auna batir: mota a kashe ya nuna kusan volt 12.6, in an tayar da injin kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In ya saɓa, a duba altaneto, wato na'urar da ke cajin batir. Sai fis, sai wayar nagetib da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa kaɗan a ƙarƙashin wannan noti ta isa ta rikita dashbod.

In duk waɗannan lafiya lau, a cire kan batir na nagetib, a jira mintoci kaɗan saboda jakar iska, sannan a zaro mitar. Ka haska soket ɗin da ke bayanta da tocila. Ƙarfen da ya yi kore ko fari-fari, ko ya lotsa ciki, shi ne abin zargi. A fesa masa maganin wanke soket, kada a kankare da wuƙa. Daga nan a buɗe allon lantarkin da ke cikin mitar, a duba inda ƙafafun soket suka haɗu da shi. Zafi da girgiza na shekaru suna tsaga dalmar da ta liƙa ƙafafun a allon, za ka ga wani siririn zobe kamar gashi ya kewaye ƙafar, wani lokaci sai da madubin ƙara girma. Sabunta dalmar nan yakan kawo ƙarshen matsalar, amma a ba wanda hannunsa ya saba, don zafi in ya yi yawa yana ɗaga layin tagulla. Kafin a cire allurori a ɗauki hotonsu, kuma kada a goge fuskar mita da fetur ko tina, lambobin za su bi tsumman.

Akwai kuma wayoyi biyu a murɗe da ake kira CAN, ta nan mitar motocin zamani take karɓar saƙo daga kwamfutar injin. Batir a cire, in an auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, wato inda ake jona na'urar binciken mota, ya kamata a ga kusan ohm 60. In 120 ya nuna, layin ya yanke a wani gefe.

Tambaya: Allurar mai ce kaɗai ta maƙale, sauran suna aiki.

Amsa: Sau da yawa laifin na'urar da ke yawo a cikin tanki ne. In ita lafiya take, ƙaramin injin lantarkin da ke juya allurar ya ci haƙoransa, ana canza shi shi kaɗai.

Tambaya: Zan iya saka mitar wata mota irin tawa?

Amsa: Sai lambar kayan ta yi daidai. Motoci da yawa a cikin mitar suke ajiye adadin kilomita, wasu kuma, kamar wasu samfuran Volkswagen da Audi, har da sirrin makulli. In ba a haɗa ta da kwamfuta ba, motar za ta iya tashi ta mutu nan take. Kuma a tabbata an mayar da ainihin kilomitan motarka, domin mai saye gobe yana da haƙƙin sanin gaskiya.