Allurar da ke ƙarfafa zuciya, ita ce kuma ke lalata ta

Ka tambaye ni yadda isoproterenol, maganin da ke sa zuciya bugu da ƙarfi, zai zama abin da muke lalata zuciyar ɓera da shi. Zauna, ɗana, amsar tana wajen yawan maganin da tsawon kwanakin da ya yi yana aiki.

Maganin nan ɗan'uwan adirenalin ne, amma haɗin ɗakin gwaji. Da ya shiga jini sai ya kama masu karɓar saƙo da ke jikin ƙwayoyin tsokar zuciya, beta-1 da beta-2. Beta-1 ne mai rinjaye. Shi ke ɗaga cAMP, wani sinadari mai kai saƙo cikin ƙwaya, cAMP ya tada wani furotin mai suna PKA, ƙofofin kalshiyam su buɗe, tsoka ta matse da ƙarfi da sauri. Na ɗan lokaci, alheri ne. Idan abin ya zarce, kalshiyam ya cika ƙwaya, bukatar oksijin ta fi abin da jini ke kawowa, ga matsin jini ya faɗi saboda beta-2 ya saki jijiyoyin jini. Sai ƙwayoyi su fara mutuwa, musamman a shimfiɗar ciki da wajen tsinin zuciya. George Rona da abokan aikinsa sun nuna haka a Montreal tun 1959, ba tare da sun ɗaure jijiya ko ɗaya ba.

Inda 'yan koyo ke tuntuɓe shi ne su ɗauka cuta ɗaya ce. Miligiram 85 a kowane kilo, ƙarƙashin fata, kwana biyu a jere, rauni ne na farat ɗaya mai kama da na toshewar jijiyar jinin zuciya, kuma troponin, furotin da ke fita daga tsokar zuciya in ta ji rauni, zai hau a jini. Kaɗan-kaɗan kuwa, ta ƙaramin famfon da ake dasawa a bayan ɓera mako ɗaya ko biyu, kaurin bangon zuciya yake kawowa da tabo. Wannan za ka auna nauyin zuciya ka raba da tsawon ƙashin ƙauri, kada ka dogara da nauyin jiki, don nauyin dabbar yana iya canjawa. Ka rina yankan zuciyar da rinin da ake kira Masson, tabon zai fito shuɗi tsakanin jan tsoka kamar zare a saƙa.

Kuma ka lura da kwalbarka. Ruwan maganin ba ya shiri da haske da iska. In ka ga ya fara ja-ja, zubar da shi ka haɗa sabo.

Beta-1 da beta-2 ba halinsu ɗaya ba. A 1999 Engelhardt da tawagarsa a Jamus sun ƙara yawan beta-1 a zuciyar ƙananan ɓeraye. Da fari zuciyar ta yi ƙarfi, daga baya ta kumbura ta gaza. Ɓerayen da aka ƙara wa beta-2 a Jami'ar Duke a 1994 ƙarfi suka samu, sai da ƙarin ya yi yawa ƙwarai aka ga illa. A mutum ma wani likitan zuciya mai suna Bristow ya nuna a 1982 cewa masu karɓar saƙon beta suna raguwa a zuciyar da ta gaza. A ganina zuciyar kare kanta take yi, kuma nan ne hikimar ba irin waɗannan majinyata magungunan toshe beta, irin su carvedilol.

Amma kada ka yi saurin ɗora sakamakonka a kan mutum. Zuciyar ƙaramin ɓera tana buga sama da 500 a minti, tamu kusan 70. Kafin ka taɓa sirinji gobe, kawo min takardar izinin kwamitin kula da dabbobi, da nauyin kowane ɓera a rubuce.