Amsa: Ina Mukarama Abdulai ta shiga bayan 2018?

Ɗan'uwa daga Nima, ka tambaya ko yarinyar nan da ta yi tashe a 2018 ta daina ƙwallo ne. A'a, ba ta daina ba.

Mukarama 'yar Tamale ce, a Northern Ladies ta fara. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Yurugwai, ita ce kyaftin ɗin Black Maidens, wato tawagar 'yan matan Ghana. Wasan farko ma ta zura wa masu masaukin baƙi ƙwallo 3, muka lallasa su 5-0. Ta ƙare gasar da ƙwallo 7, ta ɗauki takalmin zinare, duk da Meziko ta fitar da mu a bugun fenareti a zagayen kwata-fainal.

Daga nan ta tafi Amurka, Tyler Junior College da ke Texas, tana karatu tana buga ƙwallo. Shi ya sa aka ji ta shiru, domin wasannin kwaleji ba sa zuwa talabijin ɗinmu. A 2021 ta koma Alavés a Sifen, daga baya ta dawo gida ta shiga Hasaacas Ladies.

Ka tuna wasan ƙarshe na ƙwallon mata a Wasannin Afirka a Cape Coast, a watan Maris 2024? Najeriya ce ta fara cin mu, muka farke, aka shiga ƙarin lokaci. Mukarama ce ta jefa ta biyu, Ghana ta ɗauki zinare da ci 2-1. Abin da ke damuna shi ne 'yan jaridarmu ba sa waiwayar 'yan matan nan sai ranar kofi.