Fatawa: Bakance, Istihara da Ɗaukaka Ƙara ga Mai Jiran Sakamakon Jarrabawar Lauyoyi a Ingila

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Birmingham, ina aiki a wani ofishin lauyoyi ina taimaka musu da haɗa takardun shari'a, kuma ina neman zama cikakkiyar lauya ta hanyar jarrabawar SQE. Na zauna matakin farko a watan Janairu, na ci takarda ɗaya na faɗi ɗaya, na sake zama a Yuli, yanzu ina jiran sakamako. Barci ya ƙaurace mini, nakan farka cikin dare in duba waya ko da na san ranar ba ta zo ba. Cikin ruɗewa na ce: "Idan Allah ya sa na ci, na yi masa alkawarin azumin kwana goma da yanka rago sadaka." Ina ta istihara ko zan ga sakamakon a mafarki, gwaggona kuma a gida ta ce za ta kai sunana wurin wani mai duba. Shin addu'a tana da amfani bayan an riga an gama jarrabawa? Idan na sake faɗuwa, zan iya ɓoye wa ofis da iyayena? Kuma ɗaukaka ƙara a kan sakamako rashin yarda da ƙaddara ne?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar yadda abin yake, don haka zan fara da siffanta jarrabawar saboda masu karatu da ba su san ta ba. A Najeriya wanda aka kira zuwa aikin lauya yakan haɗa matsayin barista (lauyan da ya fi tsayawa a gaban kotu) da na solisita (lauyan da ya fi ba da shawara da shirya takardu) gaba ɗaya, amma a Ingila da Wels an raba su biyu, kuma tun shekarar 2021 hukumar SRA mai kula da solisitoci ta kafa SQE ta zama ƙofar shiga wannan ɓangare. Matakin farko takardu biyu ne a kwamfuta, kowace da tambayoyi 180, ana zaɓen amsa mafi dacewa cikin biyar. Mataki na biyu gwaji 16 ne na aiki a aikace, huɗu na baki, 12 na rubutu. A shekarar 2025 kuɗin zaman matakan biyu ya kusa fam dubu biyar, ban da kuɗin darasi, sannan ɗalibi yana da dama uku kacal a kowane mataki cikin shekara shida. A zama da yawa na matakin farko, kusan rabin waɗanda suka shiga ne suke ci. Wanda ya san wannan ba zai ga laifinki a kan rashin barci ba, kuma shari'a ma ba ta kama ki da shi ba, domin fargabar da take zuwa wa zuciya ba da zaɓin mai ita ba ba zunubi ba ce, ba kuma alamar raunin imani ba ce. Abin da ake tambayar bawa a kansa shi ne abin da harshe ya furta da abin da gaɓɓai suka aikata a cikin wannan hali.

Game da addu'a, tana da amfani, kuma shubuhar cewa "an riga an gama" ba ta da ƙarfi ko ta fuskar yadda jarrabawar take. Bayan ɗalibai sun tashi ne ake tace tambayoyi, a tsayar da iyakar ci, a daidaita maki a kan ma'auni mai kaiwa 500 wanda 300 ne makin hayewa. Ko da a ce an kammala duk wannan, addu'a ibada ce mai zaman kanta, tana cikin sabubban da Allah ya ƙaddara, kuma abin da kike roƙo bai tsaya ga lambar da za ta fito a allon waya ba, ya haɗa da albarkar cin idan an ci, da natsuwa da mafita idan ba a ci ba. Sharaɗin da zan tunatar da ke shi ne wanda ya zo a hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ba har ya ce na roƙa ba a amsa mini ba. Ki lazimci addu'ar da Anas ya ruwaito Annabi (SAW) yana yawaita ta, wadda ta fara da neman tsari daga "hammi" da "hazan". Malamai sun ce na farko damuwa ce a kan abin da bai zo ba, na biyu baƙin ciki ne a kan abin da ya wuce, kuma mai jiran sakamako tsakanin waɗannan biyun yake kwana.

Istihara kuwa kin ajiye ta ba a muhallinta ba. Lafazin hadisin Jabir a Bukhari shi ne idan ɗayanku ya yi nufin wani al'amari, watau aikin da zai yi ko ya bari, yana neman Allah ya zaɓa masa. Babu zaɓin da ya rage a hannunki a kan takardar Yuli, kuma babu inda hadisin ya ambaci mafarki. Wanda ya kwana yana tunanin maki zai yi mafarkin maki, wannan zancen zuci ne, kada ki gina farin ciki ko baƙin ciki a kansa. Zuwa wurin mai duba kuma haramun ne babu saɓani, ko da ƙasa yake bugawa ko da carbi, ko da ana kiransa malam. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Wani zai ce ai sakamakon yana nan ajiye a kwamfutar wasu mutane, don haka ba gaibu ba ne. Amsa ita ce hanin ya shafi hanyar da aka bi, domin kalmar da hadisin ya yi amfani da ita ta haɗa da mai da'awar sanin inda ɓataccen abu yake, alhali shi ma yana nan a wani wuri. Ki kira gwaggonki ki yi mata godiya a kan kulawarta, ki faɗa mata a fili cewa ba ki yarda ba, ki roƙe ta ta juya kuɗin zuwa sadaka ta kuma sa ki a addu'a. Idan ta je bayan kin hana, babu laifi a kanki, amma kada ki saurari abin da aka faɗa mata.

Bakancen da kika yi shi ne ya fi buƙatar bayani. Da kin tambaye ni kafin ki furta, da na hana ki, saboda hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi hani ga bakance, ya ce ba ya mayar da komai, ana dai fitar da dukiya da shi ne daga hannun marowaci. A mazhabar Malikiyya akwai kai-kawo tsakanin malamai a kan karhancin bakancen da aka rataya a kan samun wani abu, kuma abin da nake rinjayarwa shi ne karhanci, don yana kama da ciniki da Ubangiji. Amma tunda kin furta shi da baki kina cikin hankalinki, kuma abin da kika ɗora wa kanki ɗa'a ne, ya zama wajibi idan sharaɗin ya cika, saboda hadisin A'isha a Bukhari: wanda ya yi bakancen zai yi wa Allah ɗa'a to ya yi masa ɗa'a. Ruɗewar da kika ambata ba ta sauke shi. Sai dai a duba abu biyu. Da kika ce "idan na ci", matakin farko kike nufi ko zama lauya gaba ɗaya? Niyyarki a lokacin furuci ita ce alƙali, idan kuma ba ki tuna wata niyya ba, a koma ga abin da ya jawo maganar, wanda a zahiri shi ne sakamakon da kike jira. Haka azumin: idan ba ki ce a jere ba, ba ki kuma yi niyyar haka ba, ya halatta ki rarraba shi, kamar ki jinkirta zuwa gajerun ranakun hunturun Ingila, ko da yake gaggauta sauke nauyi ya fi. Ragon kuma kina iya wakilta wani amintacce ya yanka a gida a raba wa mabuƙata, kuma tunda kin ce sadaka ne, kada ki ci daga ciki. Idan ba ki ci jarrabawar ba, babu komai a kanki, ba azumi ba kaffara.

Idan labari mai daɗi ya zo, sujadar godiya mustahabbi ce a wurin Shafi'i da Ahmad, kuma Ka'abu ɗan Malik ya yi ta ranar da aka yi masa bushara da karɓar tubarsa. Mashhurin Malikiyya karhanci ne, don haka wanda ya tsaya ga raka'a biyu ko sadaka bai yi laifi ba. Ki tuna kawai cewa a cikin rukunin WhatsApp ɗin da kuke bita tare akwai waɗanda suka buɗe nasu sakamakon a minti ɗaya da ke suka ga akasin haka.

Idan kuma aka jarrabe ki da faɗuwa, kuka halal ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da kuma "da na sani" wadda hadisin Muslim ya ce tana buɗe aikin Shaiɗan. Bitar takardar sakamako don gane ko dokar filaye ce ta kayar da ke ko ta gado ba ya cikin wannan, hasali ma a cikin hadisin akwai umarni da kwaɗayin abin da zai amfane ka da barin gajiyawa.

Wajen ɓoyewa akwai bambanci tsakanin shiru da ƙarya. Ba wajibi ba ne ki sanar da kowa, kuma ya halatta ki jinkirta faɗa wa iyaye kwana biyu har ki natsu, ko ki ce wa mai yawan tambaya "ana nan ana fama, a taya mu da addu'a". Amma cewa "na ci" ko "ba a fitar ba" alhali an fitar, ƙarya ce. Ofis kuma hukuncinsa ya fi tsanani idan su suka biya kuɗin, ko yarjejeniyar aikinki ta ce a sanar da su, domin Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alkawura. Ko ta fuskar duniya, hukumar SRA tana binciken hali da cancanta kafin ta shigar da mutum cikin rajistar lauyoyi, kuma faɗuwa jarrabawa ana gyara ta da sake zama, tabon rashin gaskiya kuwa yana iya rufe ƙofar aikin baki ɗaya. Alkawarin da kika sa wa hannu na rashin fitar da tambayoyin jarrabawa shi ma yana ƙarƙashin wannan aya, ko da abokan karatu sun matsa miki.

Ɗaukaka ƙara ba ta karo da yarda da ƙaddara. Lokacin da Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya ce masa gudu daga ƙaddarar Allah? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Masu gyaran jarrabawa mutane ne, suna kuskure, kuma an gani a wannan jarrabawar kanta: a watan Afrilun 2024 aka bayyana cewa ɗalibai 175 da suka zauna a Janairun shekarar an ce musu sun faɗi alhali sun ci, saboda kuskure wajen lissafin maki. Neman haƙƙi ta hanyar da aka shimfiɗa halal ne, da sharaɗin dalilinki ya zama gaskiya. Ƙa'idarsu ba ta karɓar ƙara don kawai ɗalibi yana ganin ya cancanci maki fiye da haka, sai an nuna wata tangarɗa a gudanar da jarrabawar ko wani uzuri mai ƙarfi, kuma wa'adin gajere ne, kwanakin aiki goma daga fitar sakamako, don haka ki karanta ƙa'idar tun yanzu. Ƙirƙiro rashin lafiya ko neman takardar likita a kan ciwon da babu shi shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai.

Idan ba ki ci wannan karon ba, zama na uku shi ne inda istihararki take da gurbi na gaskiya, domin shi ne na ƙarshe: wanda ya faɗi sau uku sai ya jira shekaru shidan nan su cika ya faro daga tushe. A nan akwai zaɓi, ko ki shiga zama mai zuwa ko ki tsallake shi ki ƙara shiri, ko ki rage kwanakin aiki. Ki yi shawara da waɗanda suka bi hanyar, ki sallaci raka'a biyu ki karanta addu'ar, sannan ki ci gaba da abin da ya sauƙaƙa. Ban yarda ki ci bashi mai ruwa don biyan kuɗin zaman ba, tunda wa'adin shekara shida ya ba ki sararin tarawa. Rashin barcin nan kuma idan ya zarce makonni, ko ya hana ki cin abinci da aiki, ko wani mummunan tunani ya fara zo miki game da ranki, ki ga likita ba tare da jinkiri ba, ki kuma faɗa wa wani na kusa da ke, domin neman magani umarnin Annabi (SAW) ne. Allah ya ba ki nasara, ya sa albarka a cikin abin da ya zaɓa miki.

Wallahu a'alamu.